Akwatin Mavis

Daren Laraba ni ke da aikin kwana
a gidan tsofaffi da ke bayan tashar Grimsby.
Ɗaki na tara, Mavis Blanchard ba ta barci,
shekara casa'in da ɗaya, ido biyu kamar mujiya.
"Tasalla," ta ce, ta karya sunana gida uku,
"kunna mini akwatin, kar ki ƙure murya."

Na katako ne, fuskarsa yadi mai ruwan zuma.
Ta ce da can sai an jira shi ya ɗumama,
dattijo ne, ba a yi masa gaggawa.
Ya daina magana tun ba a haife ni ba.
Na murɗa duk da haka.
Ta lumshe ido ta ce, "Yauwa."

Ran Asabar ita ke ɗaukar batir,
na gilashi, mai ruwan da ke cinye siket,
ta kai wa mai gyaran keke ya ɗura masa wuta.
Kwabo biyu. Ta dawo da tafiyar hawainiya,
in ya zube, mako guda gida ba kiɗa.

Da almuru uwarsu kan tura tebur jikin bango,
ta naɗe darduma, ta kwance gyauton girki.
Makaɗan London su cika ɗaki mai taku shida,
Cyril ya bi ƙafar kowa ya taka,
kaka na saƙa, wai ita ba ruwanta,
amma diddigenta na tona mata asiri.
Maƙwabta su shigo da kujera da ɗan kwal a bokiti,
don akwati ɗaya ne a layin gaba ɗaya.
Mai barkwanci ya saki zance,
dariya ta ratsa bango
har gidan da ba su ji abin da aka ce ba.

Amma in aka zo labarin teku,
cokali ba ya taɓa kofi.
Uba na kan jirgin su, mako uku, can wajen ƙanƙara.
Murya ta jero sunayen ruwa,
Dogger, Humber, iska kaza, hazo kaza,
uwa na tsaye, hannu cikin kwaɓin fulawa,
tana auna kalma kamar mai awon gero a shekarar fari.
In an ce lafiya, ta koma murza.
In an ce guguwa, ta wanke hannu ta hau bene,
ba mai bin ta.

Wani hunturu aka ce lafiya.
Jirgin bai dawo ba.

Wata huɗu akwatin na lulluɓe da mayafin tebur.
Ranar da uwa ta yaye, kiɗa ta tarar.
Ta tsaya ta ji shi har ƙarshe,
sannan ta ce, "Cyril, tura teburin."

Ban faɗa mata ba, amma na san wannan shirun.
Babanmu a Gusau, rediyo rataye a ƙusa,
waya ɗaure a reshen darbejiya,
batir shanye a rana ko ya ƙara kwana biyu,
mu yara ko tari sai mun haɗiye
in an fara sanarwar waɗanda suka riga mu.

A falon ƙasa abokan aikina uku,
kowa da wayarsa, kowa da toshin kunnensa,
kowa na dariyarsa shi kaɗai.

Ƙarfe ɗaya saura, ruwa na dukan taga.
"Me suka ce kan Humber?" in ji Mavis.
Na kara kunne a yadin, ƙura da warin tsohon katako.
Na ce, "Lafiya lau, iska ta kwanta."
Ta yi murmushi ba haƙori.
"Haka suka ce wancan karon ma.
Bar shi a kunne, yarinya,
yanzu za su sa kiɗa."