Haƙora Tara

Baba Dalhatu ya zo rumfata a Samaru
da akwatin ƙarfe cikin buhun taki,
ya sauke shi kan teburin gyara a hankali
kamar mai kwantar da majinyaci.
Ya ce, "Ƙwaƙwalwar ma'aunin ruwan sama ce.
Shekara sha ɗaya tana ƙirga a gonar gwaji,
ɗigo bayan ɗigo, ba ta runtsawa.
Kwamfutar da ke jin yarenta ta mutu,
ni ma an ba ni takardar ritaya."

Na juya akwatin. A ƙeyarsa
ga wani baki mai haƙora tara,
biyar a sama, huɗu a ƙasa,
tsatsa ta soma lasar na gefe.
Ni da na girma cikin wayoyin shafawa
ban san ta inda ake gaida shi ba.

Iliya mai tarkace a Sabon Gari
ya tono min adafta a ƙasan kwali,
kai ɗaya na zamanin Baba, ɗayan nawa,
ya haɗa da guntun kebur
mai sa waya ta zama uwar ɗaki.
Dubu uku da rabi, ba ragi.
"In ya ƙi, kar ki dawo min."

Na jona. Shiru.
Na zare, na hura, na goge, na mayar.
Allo baƙi wuluk.
Baba na ɓarar gyaɗa, bai ce uffan ba
har aka kira la'asar.
Da ya dawo ya leƙa, ya ce,
"Na biyu kunne ne, na uku baki.
Kin haɗa baki da baki, 'yar nan.
Haka muka yi da marigayiya shekararmu ta fari."

Na ɗora ƙarfe a wuta, na narka dalma,
na giciya siraran zare biyu,
bakin wannan ya sami kunnen wancan.

Sai allo ya cika da shirme,
alamun tambaya, 'yan murabba'ai,
kamar kaza ta taka tawada.
Wayata gudun ɗan acaɓa take,
tsohon kuwa da sanda yake tafe.
Na rage mata, na ƙara ragewa,
har dubu tara da ɗari shida.

Sai ga shi.
Rana, sa'a, lamba.
Rana, sa'a, lamba.
Damina sha ɗaya na sauka a tafin hannuna,
ko jiƙa ban yi ba.

Ya ɗaura tabarau mai ƙafa ɗaya.
"Gangara. Ƙara. Wuce shekarar fārin nan.
Tsaya."
Sha bakwai ga Agusta, ƙarfe biyun dare,
milimita tamanin da huɗu.

"Daren ne," ya ce.
"Numfashin Hassu ya sarƙe,
motar maƙwabci ta kafe a kwatar Hayin Dogo,
ba mu isa Shika ba sai asuba.
Na gaya wa danginta ruwa ne ya tare mu.
Na faɗa, na faɗa,
har na soma tuhumar kaina
ko ni nake ƙara wa ruwan yawa
don in sami barci."

Ya ɗora yatsa kan lambar,
allon ya zame, na dawo masa da ita.
Tamanin da huɗu.
Ya daɗe.

Ban karɓi kuɗin aiki ba, na adafta kawai,
shi ma sai da muka yi musu.
Ya bar min sauran gyaɗar a leda,
ya ce akwatin ya kwana, gobe zai turo yaro.

Yanzu ina tattara sukurori zan rufe.
Hadari ya taso ta wajen Basawa,
masu tumatir na jan tamfol.
Akwatin na nan inda ya bar shi,
ba mazurari, ba gona,
'yar fitilarsa ja tana ƙiftawa,
yana sauraron kwanon rufina.