Ranar da Tisza Ta Yi Fure

Na sayo sandar fatsa a Szeged,
baƙa wuluk, ba ta fi cokali nauyi ba,
da zaren da zai ja ɗan maraƙi, in ji mai shago.
Kawu Dezso ya jujjuya ta, ya shinshina,
ya miƙo mini abata bai ce uffan ba.

Tasa reshen bishiya ce, ta girme ni.
Dalmarsa daga tsohon bututun famfo ya narko ta,
toshiyar kwalba ke yi masa gadi bisa ruwa.
Ƙugiyoyi na kwance a gwangwanin taba,
kowace da labarinta, har wadda ta miƙe
ranar da tarwaɗa ta ja jirginsa zuwa gindin gada.

Ni tana na soka, ƙosassu, na kanti.
Shi tuwon masara ya mulmula da tafarnuwa
da ɗigon zumar da ya sato wa Piroska.

Tun hantsi muke zaune. Shiru kake ji.
Na sauya ƙugiya sau huɗu, na tsine wa mai shago.

Can da la'asar sakaliya kogin ya tsage:
ƙwari masu fiffike, ruwan ƙwai,
suka taso daga laka dubu bisa dubu,
shekara uku a ƙasa, maraice ɗaya a sama.
Kifi ko'ina, baki buɗe, ana wawaso,
ba mai ko kallon tanata.

Dezso ya naɗe zarensa a hankali,
ya gutsuri tuwon ya kai baki.
"Yau Tisza ke ciyarwa," ya ce.
"Ajiye tsadaddiyar nan, zo ka ci."