Bakin Zare

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa.
Ülle Kivimägi na zaune a hawa na huɗu
da kofin gahawa da ya huce tun ɗazu.

Manhajar ta sake faɗuwa.
Allon ya maimaita maganarsa ta jiya:
wani zare marar suna ya firgita
a layi na ɗari biyu da sha bakwai.

Wani zare!
Ai arba'in da takwas ne ke aiki a ciki,
kowanne da kayansa a ka,
wannan na ƙirga tikitin motocin fasinja,
wancan na jiran saƙo daga tashar Narva,
duk uwarsu ɗaya, ba wanda aka raɗa wa suna.
Kamar ka tarar da tulu a fashe,
yara sun yi tsit,
shaida kuma ya ce maka: yaro ne ya fasa.

Priidu ya leƙo ta bayan allonsa,
ya ce, a ba kowanne lamba mana.
Ta ce, wace lambar?
Ta na'ura? Zare na mutuwa
take tuɓe masa ita ta sa wa sabon haihuwa,
ka je kamun mai laifi ka kamo magajin rigarsa.
Ya ce, to tamu, wadda ba ta maimaituwa.
Ta ce, ita kuma in ka kai wa na'ura
sai ta rantse ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Suka yi shiru.
Bututun ɗumama ɗaki na ta ƙas-ƙas.

Can ta ƙara layi uku kacal:
duk wanda zai faɗi,
ya faɗi sunansa da lambarsa tukuna.

Huɗu saura, ta sake kifewa.
Wannan karon ba nuƙu-nuƙu:
na talatin da ɗaya, mai rufe lissafin dare,
ya kai hannu ga abin da na tara ya riga ya zubar.

Priidu ya yi barci a kujera, baki buɗe.
Ba ta gyara komai ba,
ta dai san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa da safe.

A kan gada, hanyar gida,
sawun mutum ɗaya cikin dusar ƙanƙara.
Ta ɗan tsaya tana dubansa.
Shi ma bai bar suna ba.