Zanen Yatsa

Baba ya dawo Ƙofar Marusa
da hannuwa biyu naɗe cikin bandeji,
wani ne ya ɗauko masa jaka daga tasha.

Shekara goma sha tara a matatar Kaduna
yana kwance notin da ya fi kansa girma.
Ran Laraba takarda ta ce bututun fayau yake.
Mutum uku suka sa hannu.
Ba wanda ya je ya duba.

Safar hannunsa ta yage tun watan jiya,
mai sito ya ce sai Litinin.
Tururi bai san Litinin ba.

Yanzu ni ke ɓalle masa maɓalli,
ni ke shafa magani da asuba,
a hankali, kamar mai taɓa yanar kunu.
Yakan riƙe kofin shayi ya ce,
"Barira, da zafi?"

Jiya mun je banki karɓar diyya.
Sau biyar ya ɗora babban yatsa a na'ura,
ta ce ba ta san Lawandi ba.
Ya yi dariya ya ce wa yaron,
"Zanen na can manne da sifana,
aika a karɓo."

A hanyar gida bai ce uffan ba.
Ni na ƙirga wa mai keke kuɗinsa.