Ladanin Aboabo

Shekara talatin da ɗaya
ni ke tada Aboabo daga barci,
tun kafin direbobin tortoro su ɗumama inji,
kafin Barira mai koko ta hura wuta.
Yanzu in na ɗauko kabbara sai ta tsaya a wuya
kamar ƙayar kifi.

Likitan asibitin Gee sa'an ɗana ne.
Hausarsa 'yar kaɗan, Tonancina na kasuwa,
sai ya juya takarda ya zana maƙogwarona.
Ya ce hanya biyu ce, Baba.
A yanke, ciwon ya tafi, ya tafi da muryar.
Ko a gasa wurin da haske, mako bakwai,
a haɗa da ruwan magani ta jijiya.
Murya tana iya tsira.
Ciwon kuma yana iya dawowa.
Na ce, kai wanne ka zaɓa?
Ya rufe biro. Ya ce, wuyanka ne.

Mukaila ya yi waya daga Italiya:
a yanke kawai, ran muke so.
Alhaji Tanko ya aiko da sassaƙe daga Bawku
a cikin kwalbar ruwa.
Lantana ba ta ce komai ba.
Da dare na ji tana ƙirga sidi a ƙarƙashin tabarma,
ta kai ƙarshe, ta sake farawa.

Na yi istihara kwana uku.
Ban ga komai ba, sai sauro.

A kan bencin jira wata tsohuwa daga Ejisu,
ba gira, ɗankwali ya zame,
ta ce daga zagaye na uku
ko zuma ka lasa ɗanɗanon ƙusa za ka ji.
Ta ce amai yana zuwa, yana kuma tafiya.
Ta ɓare lemu ta miƙo mini rabi.

Asubar Laraba ina kwance
yaron da aka ɗora a madadina ya hau lasifika.
Murya zaƙi, amma gaggawa,
yana datse madda kamar mai bin mota a Kejetia.
Na tashi zaune, raina a ɓace.
Wa zai gyara masa in ba da baki ba?
Ko da raɗa ne.

Na sa hannu a kan gashi.

Sun gwada mini wani abin rufe fuska mai raga,
sun ɗiga tawada a gindin wuyana,
suka ce kar ta goge.
Na tambayi wankan Juma'a, nas ta yi dariya,
ta ce a bi a hankali.

Yau kwana na tara.
Miyau ya ƙafe, tuwo ya zama yashi.
Injin yana kewaya kaina yana gunji,
an ce kar in motsa, kar in haɗiya.
Ban sani ba ko na zaɓi daidai.
Azahar ta yi a can waje.
Ina lissafa inda yaron zai yanke numfashi.