Notin Wuya

Wuƙar aljihuna ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba,
ƙotarta ƙahon sa ce, gumi ya goge ta har tana ƙyalli.
Noti uku gare ta.
Biyu a ƙota, ba su taɓa tayar mini da hankali ba.
Na ukun yana wuya, inda kaifi ke juyawa,
shi ne ɗan tawaye.

Kullum asuba nakan hau danfo daga Agege,
bencin katako, inji na karkarwa ƙarƙashin cinyata.
Rami ya ɗaga mu, rami ya dire mu.
Kafin Ojota ya ja da baya kaɗan,
kafin Ketu ya ƙara,
a ɓoye, kamar mai bin bango don gudun mai bashi.

Sai in isa Mil Sha Biyu,
in zaro ta zan yanke igiyar buhun albasa,
kaifi ya kama lilo
kamar haƙorin yaro mai famfara.

Na murɗa da farce, farce ya tsage.
Na murɗa da gindin cokali, da haushi,
ranar nan ta ƙi buɗewa sam.
Wata Iya daga Ikorodu tana tsaye da kuɗinta a hannu,
ni ina kokawa da wuƙa, har da haƙori.
Ta ce, Malam, wane notin ne ya kwance,
na wuƙar ko na kanka?

Ilu ya ce in naɗa zare.
Kwana uku ya yi, ruwan Ikko ya jiƙa shi ya ruɓe.
Tanimu ya ce gam mai kama ƙarfe.
Na ga tasa wuƙar:
tun bara take kwance a akwati,
baki a rufe, ta yi gum har abada.

Baba Rasaki ne, mai gyaran agogo a gindin gada,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
ya juya ta a tafin hannu, ya yi tsaki.
Hausarsa ta Sabon Gari ce, ta tsufa amma tana tafiya.
Ya ce, ka cika mata mai, shi ya sa.
Mai na wuya ne, ba na noti ba.
Cire shi, goge shi, bar shi ya bushe ƙayau.
Sannan jan farce, ɗigo ɗaya.
Ɗaya na ce.
Murɗa har ya tsaya, ka dawo baya kamar faɗin gashi,
ka bar ta ta kwana, kada ka taɓa.

Ina zan ga jan farce?
Na san inda yake.
Bayan madubi, cikin safar makaranta,
inda Hansai ke zaton ban sani ba.
Wata biyu ina tara faɗan da zan yi mata.

Daren nan babu wuta.
Na ce, Hansai, kawo abin nan na cikin safa.
Ta daskare. Uwarta ta daina firfita.
Na ajiye notin a kan murfin kwano,
ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar dawa.
Ta dube shi, ta dube ni.
Ta ce, Baba, hannunka rawa yake, riƙe mini tocila.

Ɗigo ɗaya ta sa.
Ko numfashi ba ta yi ba.

Yau kwana arba'in da ɗaya.
Akwai ɗan ja a wuyan wuƙata,
su Ilu na cewa na yi mata kwalliyar amare.
Har yanzu in mun kai Ojota
nakan sa babban yatsa in taɓa, don sabo.
Yana nan.

Jiya na tsaya wurin mai tireda na sayo mata sabuwar kwalba.
Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa.
Daga baya na ji ta a ɗaki, tana ce wa uwarta
ba irin wannan jan ba ne.