Tuluna Shida

A Mai Wurno, bakin Nilu,
injin ban-ruwan Kawu Mijinyawa ya mutu ran Laraba.
Na tsuguna ina riƙe masa sufana,
ya kankare tsatsa da farcen babban yatsa,
sai lamba ta leƙo daga jikin ƙarfe:
142857.

Dubu ɗari da arba'in da biyu
da ɗari takwas da hamsin da bakwai.
Ya karanta a hankali, ya manta da inji.
Albasa na can tana jin ƙishi.

"Mara ce," in ji shi, "biyu ba ya raba ta,
biyar ma ya zo ya koma.
Amma ba shegiya ba ce, tana da asali:
uku sau uku sau uku,
sha ɗaya, sha uku, talatin da bakwai,
su suka taru suka haife ta."

Ya karyo tsinke, ya share laka da tafin hannu.
"Ninka ta biyu."
Na yi gumi, na rubuta 285714.
"Uku fa?"
428571.
Na dube shi. Ya yi dariya har haƙorin Makka ya fito.

"Kafin inji, sakiya gare mu,
sa guda yana zagaye tun asuba.
Tulun da ya nutse shi zai hau,
wanda ke sama ya zubar, ya sunkuyo.
Ba a ƙara tulu, ba a sauya layi,
na gaba kawai ke canzawa.
Duba ka gani: sau huɗu, sau biyar, sau shida,
su ne dai, su shidan nan,
babu baƙo, babu wanda ya ɓata."

Jabana ta huce a kan garwashi.
Kwale-kwale ya wuce da buhunan gawayi.

Ya tsaga ta biyu kamar goro,
142 nan, 857 can,
ya haɗa, tara uku suka jeru.
Sannan ya yi shiru.

Na san shirun. Su shida kakata ta raya:
Tanko na Gadarif cikin riɗi,
Ladidi a Kosti, Barau a Jidda yana tuƙi,
biyu a Sinnar, shi a nan.
Bana wannan ke aiko kuɗi, baɗi wancan.
Ta bakwai, Azumi, ba ta ga yaye ba.

"Sau bakwai," na ce, don in kore shirun.
Ya karɓi tsinken, ya yi da kansa.
999999.
Tulunan duk sun cika har baki,
sakiyar ta tsaya.

"Saura ɗaya ta kai miliyan," in ji shi.
"Kullum saura ɗaya."

Ya goge hannu a jallabiya,
ya ce in miƙo masa filaya.
Ruwa ya ɗan taso, ya lashe taran ƙarshe.